Kaka a Gaba, Jika a Gefe, Kare a Baya

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, wanda ya zauna a bakin ɗaya daga cikin ƙofofin birnin Bauchi bayan sallar la'asar ba ya rasa ganin wani ɗan ayari: dattijo da sandarsa, ko da fartanya a kafaɗa, yara biyu ko uku suna tsalle-tsalle a gefensa, ga wani jan kare yana biye da su, ya yi gaba ya dawo, ya shinshina nan ya shinshina can. Jikoki ne aka fito da su. Wata rana gona aka nufa, wata rana dubiya ko gaisuwa a wata unguwa, wata rana kuwa miƙe ƙafa ce kawai. Yau irin wannan ayari ya yi wuyar gani. Ƙofofin suna nan, wasu ma an sake musu gini, amma Keke Napep da babura da motoci ne ke ratsa su. Dattawa sun koma kan benci a ƙofar masallaci, yara suna Islamiyya ko sun duƙufa kan waya, kare kuma ko yana kulle cikin keji a gidan mai hali, ko yana yawon bola ba mai shi. Al'adar a hankali ta zare jiki, shi ya sa mutane da yawa ba su lura da tafiyarta ba sai an ambata musu.

Tsakanin kaka da jika

Wannan fita ta samo asali ne daga yadda gidajen Bauchi, na Hausawa da Fulani da Gerawa da sauransu, suka tsara zaman yaro da manya. Tsakanin iyaye da 'ya'ya akwai alkunya, musamman a kan ɗan fari, wanda a gidaje da yawa uwa ba ta kiran sunansa, uba kuma ba ya wasa da shi a gaban mutane. Abin da kunya ta hana iyaye sai al'ada ta sakar wa kakanni. In lokacin yaye ya yi, wajen kaka ake kai yaro, sau da yawa kuma daga yaye sai zama ya miƙe, a can zai tashi har ya shiga makaranta. Idan sunan kakan aka sa masa, iyaye ba sa iya faɗin sunan, sai a laƙaba masa Abba ko Baba ko Bappa, mace kuma Ummi ko Dada ko Inna. Da haka yaro ke buɗe ido ya tarar da wani tsoho wanda suna ya riga ya haɗa su.

A kan wannan aka ɗora wasan jika da kaka. Tsohuwa ta ga jikanta ya shigo sai ta ce, "Maigida, yau ma ba cefane?" Shi kuma ya ce, "Ai na sake ki, Hajiya, kin tsufa." Jikarta mace kishiya take kiranta. Tsoho kuwa amarya yake ce wa jikarsa, jikansa namiji ya zama abokin takara. Wasan yana da amfanin da ya wuce dariya. Shi ne ke ba yaro damar yi wa babba tambayar da ba zai iya yi wa mahaifinsa ba, ya kuma ba tsoho damar yin gyara ba tare da tsawa ba. Saboda haka in kaka ya ɗauki sanda ya ce, "Wa zai raka ni?" ba a sake tambaya.

Garin da ake takawa da ƙafa

Bauchin wancan lokaci gari ne da ƙafar tsoho da ta yaro za su iya ratsawa. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma mai riƙe da tutarsa, shi ya kafa birnin a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 10 da ƙofofi tara, cikinsu har da Wunti da Ran da Nasarawa da Inkil da Jahun da Dumi da Tirwun da Wase. Shekaru masu yawa bayan zuwan Turawa a 1902, yawancin jama'a cikin wannan kewaye suke zaune, wanda ya fita ƙofa kuwa ba ya nisa sai ya tarar da gonaki da fadamu da gindin duwatsu.

Kowane lokaci na shekara da abin da yake ba mai tafiya. Da bazara akwai mangwaro da garin ɗorawa da ke rina baki ya koma rawaya. Farkon damina kaɗanya ke zuba, ƙasa na tashin ƙamshin ruwan fari. In an shiga kaka sai ɗinya da ɗanyar gyaɗa da gasasshiyar masara a bakin gona. Da hunturu kuma ga magarya da kanya da tsamiya, ga hazo ya rufe Dutsen Warinje, leɓe ya tsage, ana shafa man kaɗe. A kan hanya yaro ke koyon bambanta sabara da kalgo, ya san wace saiwa ake jiƙa wa mai ciwon ciki, ya san ba a sa hannu cikin rami, ba a kuma ɗaga dutse ta gefen da mutum yake tsaye saboda kunama. Yana koyon gaisuwa iri-iri: ta manomi a bakin aiki, ta mai makoki, ta malami a zaurensa, wadda sai an tuɓe takalmi an durƙusa.

Hanya mai ɗauke da labari

Babban abin da ake samu a wannan tafiya shi ne tarihin gida. Tsoho ba ya zaunar da yaro ya ce zai koya masa asalinsa; wuri ne ke tayar da magana. An zo wucewa ta wani zaure sai ya ce nan aka haifi kakarka, gidan sarkin maƙera ne a da. An zo wata rijiya sai labarin shekarar fari ya taso. An fita ta hanyar Gombe sai a nuna Inkil, inda Malam Yakubu ya zauna kafin ya kafa birni, ko a ambaci Tirwun, inda ake cewa can aka haife shi, ko a kawo labarin Baushe maharbi, wanda ake danganta sunan garin da shi. A maƙabarta kuma murya ke sauka, a yi sallama, a yi addu'a, a faɗa wa yaro su wa ke kwance a wajen.

Tsofaffin ba su cika riƙe shekara da lamba ba, da abin da ya faru suke riƙe ta. Akwai shekarar da jirgin ƙasa ya iso Bauchi, wato 1961. Akwai shekarar da aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa aka kawo gawarsa gida, 1966. Akwai shekarar canjin hannu, 1972, da motoci suka koma bin dama, da wadda ta biyo ta, da naira ta karɓi gurbin fam da sule. Akwai shekarar Udoji, da ma'aikata suka cika gari da sababbin babura da rediyo, sai kuma 1976 da aka ba da jiha, Bauchi ta zama babban birni. Cikin waɗannan manyan alamomi kowane gida ke saƙa nasa ƙanana: shekarar da Alhaji ya sauke farali, shekarar da soro ya rushe, shekarar da aka yi wa Goggo aure, har da shekarar da karen gidan ya mutu. Yaron da ya sha jin waɗannan a bakin mutum ɗaya, a wurare ɗaya, sau da yawa, yakan girma da su a kansa ba tare da ya san ranar da ya haddace su ba.

Da dare kuma aikin ya koma hannun kaka mace. Tsakar gida, a kan tabarma, ga fitilar ƙwai ko farin wata, a yi ta Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe ƙanana. Tsakanin tatsuniya da tatsuniya take sako labarin garinsu, da waƙar daka ta 'yammatancinta, da sunayen dangin da suka yi nisa.

Ranakun fita na musamman

Ban da fitar yau da kullum, akwai ranakun da yaro ke ƙirgawa. Juma'a ce ta farko: a sa wa jika 'yar riga da hula, ya riƙe wa kaka buzu ko darduma zuwa babban masallacin da ke kusa da fada, a dawo ta wajen mai masa. Masar Bauchi ta yi suna a duk Arewa, wanda kuma ya taɓa tsayawa gaban tanda yana jin ƙamshin mai da tsamin ƙullu, yana jira a naɗe masa rabonsa da zafi, ba ya mancewa.

Sallah ita ce babba. Ƙamshin sabon ɗinki da turare, jan lalle a hannun 'yammata, kuɗin barka da Sallah a aljihu, sannan hawan Sallah da hawan Daushe: algaita da kakaki da tambari, ƙarar bindigogi, 'yan lifidi, dogarai cikin ja da kore, mahaya suna sakin dawaki suna jinjina a ƙofar fada, ƙura ta turnuƙe. Tsoho ne ke riƙe hannun yaro cikin turmutsitsin, yana nuna masa wannan Galadima ne, wancan Madaki, ga Ciroma, ga Wambai. Mutumin da ya kalli hawan Sarki Adamu Jumba yana yaro, ya kai 'ya'yansa kallon Sarki Sulaiman Adamu, wanda ya yi sarauta daga 1982 zuwa 2010, yau jikokinsa ke kallon Sarki Rilwanu Sulaiman Adamu. A iyalan Kirista na Yalwa da sauran unguwanni, Kirsimeti da sabuwar shekara ke ɗaukar wannan matsayi, da ziyarar kakanni a Dass ko Tafawa Ɓalewa ko Bogoro.

Akwai kuma wuraren da zamani ya kawo. Tashar jirgin ƙasa wurin kallo ce a lokacin da jirgin Maiduguri ke wucewa a kan kari. Ginin kabarin Tafawa Ɓalewa, wanda aka buɗe a 1979, ya zama wurin da ake kai yara: a bi ta wani lungu mai duhu a ɓulla fili mai haske wanda ba rufi a samansa, a ga kabarin ba wani ado, a kuma ga 'yan kayayyakin da marigayin ya bari. Madatsar ruwa ta Gubi tana karɓar masu shan iska. Mafi girma ita ce Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri, tafiyar fiye da kilomita 100 daga birni. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya dawo hannun jiha a 2006. Yaron da aka kai can yakan shekara yana labarin giwaye da ɓauna, da gwaggon birin da ya fizge masa burodi, da ruwan Wikki mai ɗumi wanda zafinsa ke tsaye wajen digiri 31 rani da damina. Sai dai a wancan zamani wannan tafiya ta masu mota ce da 'yan makarantar da aka yi wa gata. Yawancin yaran birni a bakin wasu suka san Yankari.

Matsayin kare a gida

Ba kowane gida ke da kare ba, ba kuma kowane tsoho ke yarda ya biyo shi ba. Gidajen malamai galibi ba sa ajiye shi. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zauruka, ya taƙaita ajiye kare ga mai gona da mai dabbobi da mai farautar neman abinci. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau bakwai. A gefe guda kuma yara suna jin labarin karen As'habul Kahfi, da hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Daga waɗannan koyarwa aka sami tsarin da gidajen manoma da mafarauta da makiyaya suka bi: kare yana da haƙƙin ci da sha da inuwa, amma yana da iyaka. Ba ya shiga ɗaki, ba ya hawa tabarmar salla, kaskonsa daban.

Karen gida na ƙasar nan siriri ne, mai dogayen ƙafafu da gajeren gashi, ja ko fari ko baƙi ko mai dabbare-dabbare. Abincinsa ƙanzo da ragowar tuwo da ƙashi. Makwancinsa bakin zaure ko ƙarƙashin rumbu. Aikinsa ya kori biri daga masara, ya sanar da shigar baƙo cikin dare, ya tsare awaki daga kura a gidajen bakin gari, da rani kuma ya bi samari farauta, inda ake gane gaskiyar karin maganar nan ta karen bana shi ke maganin zomon bana. Sunansa yakan fito daga launinsa ko ƙarfinsa, kamar Duna ko Zaki ko Damisa, wani lokaci kuma habaici ne ake aika wa maƙwabci da shi. Daga baya Bingo da Taiga suka shigo.

A wajen manya ma'aikaci ne. A wajen yara kuwa aboki ne. Su ke ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo, su ɓoye shi a bayan ɗaki har a gaji a ƙyale su, su rage masa tuwonsu a ɓoye, su cire masa kaska. Shi ke raka su makaranta ya dawo, ya tarye su a bakin lungu da rana. Kaka ne sau da yawa ke tsaya masa in uba ya ce a fitar da shi, kaka ne kuma ke hana a dake shi, yana cewa dabba ba ta da baki amma tana da Ubangiji. Ga yara da yawa mutuwar karen gida ita ce rashi na farko da suka sani. Manya su ce, "Kare ne fa," amma tsohuwa ta jawo yaro jikinta ta bar shi ya yi kukansa. Shi ya sa in 'yan'uwa suka haɗu bayan shekara talatin suna hirar gidan kakansu, da wuya a tashi ba a ambaci sunan karen ba.

Abin da ya kawo sauyi

Dalilan suna da yawa, kuma sun taru ne a hankali. Na farko girman gari. Zaman Bauchi babban birnin jiha ya jawo ma'aikatu da makarantu, ciki har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1979 da jami'ar da aka kafa a 1980, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Bauchi sun kusa rabin miliyan. Gonakin bakin ganuwa suka zama filaye, filaye suka zama unguwanni: Fadaman Mada, Gida Dubu, Ibrahim Baƙo, Tambari, Wuntin Dada, Gwallameji. Gonar da ake zuwa da ƙafa bayan la'asar ta koma wadda sai an hau babur. Babban gida mai sassa ya watse, 'ya'ya suka kama haya ko suka yi gini a bayan gari, wasu aiki ya kai su Abuja ko Kaduna ko Legas. Jikan da a da yake kwana ɗakin kakarsa yanzu baƙonta ne na ƙarshen mako.

Na biyu lokacin yaro. Boko da safe, Islamiyya da yamma, hadda Asabar da Lahadi, ga darasin gida. Sa'o'in da ake fita a cikinsu duk an ba su aiki. Na uku titi: yawan ababen hawa ya sa tsoho mai raunin gani ba ya amincewa ya tsallaka da ƙananan yara. Na huɗu tsoro. Rikicin Boko Haram na watan Yulin 2009 a Dutsen Tanshi ya fara, a watan Satumban 2010 aka fasa gidan yarin Bauchi, ga 'yan sara-suka a lunguna, ga labaran satar yara da garkuwa da mutane. Katanga ta ƙara tsawo, zauren da ke buɗe ya koma ƙofar ƙarfe. Na biyar talabijin da bidiyo, sannan wayar hannu da ta shigo ƙasar a 2001, suka karɓe hirar dare. A 'yan shekarun nan kuma, tun cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana iyali fita.

Kare ma sauyin bai bar shi ba. Da gona ta yi nisa, dawa ta ƙare, aikinsa ya ragu. Gidan haya ba ya ɗaukarsa, maƙwabta ba sa jure haushinsa. Fatake masu kai karnuka kasuwar Dawaki ta Jihar Filato sun sa ya zama haja, wanda ke yawo sake kuma yana iya ɓacewa dare ɗaya. A unguwannin masu hali sai aka koma ga manyan karnukan waje, masu tsadar saye da tsadar ciyarwa, waɗanda ke wuni a keji a sake su da dare. Irin wannan kare mai gadi ne ke kula da shi, yaran gida ma tsoronsa suke ji.

Ribar da aka samu

Wanda ya ce da ta fi yanzu ta kowace fuska bai yi adalci ba. Fitar da, yawancinta ta maza ce. Jika mace in ta fara tasawa sai a tsare ta a gida ko a ɗora mata talla, kaka mace kuma ba ta cika wuce gidan suna da biki da makoki ba. Yau ana ganin tsohuwa da jikokinta mata a wuraren wasan yara ranar Sallah, ko a motar haya zuwa Yankari, ko zuwa Sumu ta ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. Makarantar da ta cinye yammacin yaro ita ce ta ba shi karatun da kakansa bai samu ba. Goyon kaka ma ba kullum yake alheri ba: akwai yaran da aka sangarta, akwai waɗanda aka raba da iyayensu mata ba da son ransu ba, akwai waɗanda ciwo ya kwashe saboda an tsaya jiƙe-jiƙe ba a je asibiti ba.

Ajiye tarihi ya sami sababbin kayan aiki. A da hoton gida guda ne ko biyu, an ɗauka a shagon mai hoto, wasu kakannin ma ba a san kamanninsu ba. Yanzu ana iya naɗar muryar tsohuwa tana ba da labari, jikan da ke karatu a Masar ko Malesiya kuma yana gaida kakansa fuska da fuska ta WhatsApp.

Ta wajen kare ribar ta fi fitowa fili. Zamanin da ake yabo shi ne kuma zamanin da yara ke jifan kare don nishaɗi, suna ɗaura masa gwangwani a wutsiya, in kuma aka yi ihun mahaukacin kare sai unguwa ta fito da sanduna, mai ciwo da mai lafiya duk su sha. Ciwon haukan kare ya kashe yara da yawa ba a san sunansa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yau an san maganin abin: a yi wa kare allurar rigakafi, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke sarrafawa, wanda aka ciza kuma a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya da shi asibiti a fara masa allura tun alamu ba su bayyana ba, domin in suka bayyana da wuya a tsira. Karen da ke da likita da rigakafi ya fi na da lafiya, yaran da ke wasa da shi ma sun fi aminci.

Asarar da aka yi

Duk da haka akwai abin da ya tafi wanda waɗannan ba su maye ba. Fitar da kyauta ce, ta talaka da mai kuɗi. Ta yanzu sai da kuɗin mota da na shiga da na sayen ƙwalam, saboda haka ta koma ta Sallah zuwa Sallah, ga wasu ma babu. Fitar da a hankali ake yin ta, akwai sararin tambaya da amsa. Ta yanzu cikin ƙarar inji da kiɗa ake yin ta, kaka yana zaune a gefe yana gadin takalma. Hotuna sun yi yawa, amma mai faɗin su wane ne a ciki, da yadda aka haɗa dangi da su, yana ƙaranci. Ana samun saurayin da ya san sunayen 'yan wasan ƙwallon Ingila kaf amma bai san gidan da aka haifi kakarsa ba, alhali tsakaninsa da gidan bai kai tafiyar rabin sa'a ba.

Tsofaffin ma sun yi rashi. Raka jika aiki ne da ke ba su matsayi, ya motsa musu jiki, ya sa a ji maganarsu. Da ya tafi, kaɗaici ya shigo, irin wanda kuɗin da 'ya'ya ke turowa ba ya korewa. Yaron da bai taɓa ciyar da wata dabba da hannunsa ba kuma ya rasa wata makarantar tausayi da ɗaukar nauyi, wadda iyayensa suka shiga ba tare da an kira ta makaranta ba.

Abin da ya rage a hannu

Al'adar ba ta mutu duka ba. A cikin ganuwa har yanzu akwai gidajen da kaka da jika ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, a ƙauyukan kewaye kamar Miri da Birshi da Tirwun kuma ana ganin yara da karnukansu a hanyar gona. Iyalai da yawa sun mai da Juma'a ko Lahadi ranar gidan kaka, wasu kuma suna tura yara can su yi dogon hutu. Inda aka yi haka, abin da ake bukata kaɗan ne: a bar yaro ya raka tsoho masallaci ko kasuwar Wunti ko gidan wani ɗan'uwa, da ƙafa in hanya ta ba da dama, a ajiye waya, a bar su su yi hirarsu. Zumunci a ƙafa yake, in ji masu iya magana, kuma tarihin gida ma ta nan yake bi. Gidan da ke da fili da bukatar kare, ya kuma ga ya dace da fahimtarsa ta addini, nauyin da ke kansa a bayyane yake: ci da sha, inuwa, rigakafi kowace shekara, da hana shi cutar da maƙwabta. Gonakin bakin ganuwa ba za su dawo ba, garin ma ba zai koma ƙarami ba. Amma tsofaffin da suka san Bauchin jiya suna raye a gidaje da yawa, jikokinsu kuma suna kusa, kuma sa'a ɗaya a mako ta isa a fara haɗa su.